Yadda Ake Fitar da Bidiyo Mai Fankon Baya Ba Tare da Baƙi Ya Biyo Shi Ba

Ana saura kwana biyu a kama azumi wani abokin sana'ata da ke haska tafsiri kai tsaye a Facebook ya ce in yi masa zanen suna, irin wanda ke sulalowa daga gefe ya tsaya a ƙasan allo, ya nuna sunan malami da na mai jan baƙi, sannan ya koma inda ya fito. Na zauna a After Effects, manhajar haɗa zane mai motsi, na ƙawata shi da ruwan zinare da ɗan ƙyalli, na fitar da shi a MP4 kamar yadda na saba fitar da bidiyon biki, na tura. Bayan Isha'i sai ga kira. "Maigida, wannan abin naka ai ya haɗiye malam gaba ɗaya. Allo ya yi baƙi ƙirin, suna ne kawai ke yawo a kai."

Laifina ne, ba na kwamfutarsa ba. Aikin da na yi daidai yake, wurin fitarwa ne na zuba shi a mazubin da ba ya riƙe fanko.

Kowane ɗigo a hoton bidiyo yana da lambobi uku: yawan ja, yawan kore, yawan shuɗi. Shi ne RGB da kake gani a ko'ina. Bidiyo mai fankon baya yana da lamba ta huɗu da ake kira alfa, wadda aikinta kawai ta faɗi ko wannan ɗigon a nuna shi, ko a ɓoye shi, ko a nuna shi shara-shara kamar mayafi. Ka tuna kwalin da masu rubuta lamba a jikin A Daidaita Sahu suke hudawa su fesa fenti: inda aka huda fenti ya wuce, inda ba a huda ba ya tsaya. Alfa ita ce wannan kwalin, sai dai ita tana da tsaka-tsaki, shi ya sa inuwa mai laushi da hayaƙi da ƙyalli suke zama lafiya a kan kowane hoto. MP4 ɗin da muke fitarwa kullum da H.264, wato kodek ko tsarin matse bidiyon da ke cikinsa, ba shi da gurbin wannan lamba ta huɗu. Duk inda ya tarar da fanko, cika shi yake yi da baƙi.

Abu na biyu da ke rikita sababbin editoci shi ne ɗauka cewa da zarar fayil ya ƙare da MOV shi ke nan. A'a. MOV kwano ne, kodek shi ne tuwon da ke ciki. Za ka iya zuba H.264 a MOV, kuma baƙin nan zai biyo ka. Kodek ɗin da ni na dogara da shi shi ne Apple ProRes 4444, wanda ya fito tun 2009. Ka lura da adadin huɗun: guda huɗu ne, na ƙarshen nan na alfa ne. ProRes 422 ɗan uwansa ne, yana da kyau ƙwarai, amma ba ya ɗaukar alfa, kuma na sha ganin mutum ya zaɓe shi saboda gaggawa. Bayan 4444 akwai GoPro CineForm nau'in RGB, da DNxHR 444 na Avid, da tsohon kodek ɗin Animation.

Kafin ka je wurin fitarwa ma, tabbatar da cewa fankon na gaskiya ne. Allon editin yana nuna baƙi ko da babu komai a ƙasa, yana kuma nuna baƙi idan ka shimfiɗa baƙar leya, ido ba zai bambance ba. A After Effects akwai ɗan maɓalli mai zanen dara a ƙasan allon kallo, Toggle Transparency Grid. A manhajar editin ta Premiere Pro danna alamar sifana da ke ƙasan Program Monitor ka kunna Transparency Grid. Idan ka ga zanen dara fari da toka-toka a bayan aikinka, wurin fanko ne. Idan baƙin ya ƙi tafiya, akwai wani abu kwance a ƙasa: Solid, ko Color Matte, ko Black Video, ko wani hoton JPEG, domin JPEG ba ya ɗaukar alfa ko kaɗan. Kashe idon wannan leyar. A nan ne kuma asirin tambarin da aka sauko da shi daga intanet yake tonuwa, irin wanda ake ce maka PNG ne alhali zanen darar a jikin hoton aka manna shi. Wannan ya ci mini rabin yini wata rana.

Idan mutum ka ɗauka a gaban koren ƙyalle, sai ka fara cire koren: Keylight a After Effects, Ultra Key a Premiere. Abin da ya rage bayan cirewar shi ne zai zama alfarka.

A After Effects, zaɓi aikin ka danna Ctrl da M, ya shiga Render Queue. Danna rubutun da ke gaban Output Module. A Format zaɓi QuickTime, a Format Options zaɓi Apple ProRes 4444. Sai wurin da kowa ke tsallakewa: Channels. Yana zuwa a RGB, kai kuma ka mayar da shi RGB + Alpha. Idan ka ga wannan zaɓin ya dushe ba ya dannuwa, to kodek ɗin da ka ɗauka ne ba ya ɗaukar alfa, koma ka canza shi. Akwai ma saitin da aka riga aka haɗa mai suna High Quality with Alpha a sababbin sigogi, Lossless with Alpha a tsofaffi, ga wanda ba ya son dogon bincike.

A Premiere ma Ctrl da M ne. Format ɗin QuickTime, Video Codec ɗin Apple ProRes 4444, sannan ka gangara ƙasa, wani lokacin sai ka danna More, har ka ga Depth. Zaɓi wanda ke da kalmar alpha a jikinsa, 8-bpc + alpha ya ishi rubutu da tambari, 16-bpc + alpha kuma ga aikin da launi ke narkewa a hankali. Masu Windows su kwantar da hankali, tun ƙarshen 2018 Adobe ya ba su damar fitar da ProRes. Wanda yake riƙe da sigar da ta girmi wannan, kuma na san suna da yawa a shagunanmu, ya ɗauki GoPro CineForm mai alfa.

DaVinci Resolve, wata manhajar editin ta daban, yana da ɗan taurin kai. A shafin Deliver zaɓi QuickTime, sannan kodek mai alfa, sai wani ɗan akwati mai suna Export Alpha ya bayyana, ka sa masa alama. Idan bai bayyana ba, ko dai kodek ɗin ne, ko kuma sigarka tsohuwa ce da ke buƙatar ka zaɓi Individual clips maimakon Single clip. Masu Windows sun daɗe suna amfani da DNxHR 444 ko CineForm a nan, domin sai a 2025 ProRes ya iso musu a Resolve. Kuma idan a shafin Color ka yanke mutum daga bayansa, yankan ba zai fita ba sai ka danna maɓallin dama a filin nod, wato 'yan akwatunan gyaran launi, ka zaɓi Add Alpha Output, ka ja shuɗin zare daga nod ɗinka zuwa shuɗin ɗigon da ya bayyana a dama.

Yanzu maganar nauyi. A lissafin Apple, ProRes 4444 mai girman 1920 da 1080 a firem (wato hoto) 25 cikin daƙiƙa yana cin kusan megabit 275 a kowace daƙiƙa, wato minti ɗaya ya kai wajen gigabayit 2. Zanen suna da yawancinsa fanko ne ba ya kai haka, amma duk da haka zai ninka MP4 sau da yawa. Don haka kada ka fitar da daƙiƙa talatin idan takwas sun isa. Idan filashi za ka sa, duba kada tsarin ajiyarsa ya zama FAT32, wanda ba ya karɓar fayil ɗaya da ya wuce gigabayit 4. Idan ta WhatsApp ne, tura shi a matsayin Document. Ka tura shi a matsayin bidiyo, za a matse shi a hanya, alfar ta zube, ya isa da baƙinsa.

Ni dai idan aikin renda, wato fitar da bidiyon, mai tsawo ne, jerin hotunan PNG nake fitarwa, kuma dalilina wuta ce. Kowane firem hoto ne mai zaman kansa, daƙiƙa goma a firem 25 hotuna 250 ke nan a folda ɗaya. Idan aka ɗauke wuta kana kan na 180, waɗanda suka fita suna nan, ka ci gaba daga na 181. Fayil ɗin MOV kuwa da aka katse a tsakiya yawanci ya tashi aiki, sai ka faro daga farko, ga man janareta yana ƙonewa. A After Effects, a Format zaɓi PNG Sequence, Channels kuma RGB + Alpha, a Premiere ka sa alama a Include Alpha Channel. Aibinsa biyu: ba ya ɗaukar sauti, sannan wanda zai shigo da shi sai ya zaɓi hoton farko ya sa alama a Image Sequence, ya kuma gyara yawan firem, domin After Effects yakan ɗauka 30 ne, motsin ya yi sauri ba ka san dalili ba.

Shi abokina mai tafsiri da OBS, manhajar haska bidiyo kai tsaye, yake aiki a wata kwamfutar cinya da ta ga jiya ta ga yau, ProRes yana sa ta haki. Abin da ya dace da shi WebM ne mai kodek VP9, wanda ke riƙe alfa kuma ba shi da nauyi. Nakan fitar da ProRes 4444 tukuna, sannan in juya shi da ffmpeg, manhajar juya bidiyo da ake ba umarni a rubuce, da wannan layin:

ffmpeg -i suna.mov -c:v libvpx-vp9 -pix_fmt yuva420p suna.webm

Harafin a da ke cikin yuva420p shi ne alfar. Ka rubuta yuv420p, ka koma gidan jiya. Chrome da Firefox ma suna nuna irin wannan fayil da fankonsa a shafin intanet. Kayan Apple kuwa HEVC mai alfa suka fi ganewa, wanda kamfanin ya kawo a 2019.

Akwai wata matsala da ba a gane ta sai an ƙura ido: wani siririn baƙin zare da ke zagaye haruffa, musamman idan aka ɗora su kan farar babbar riga ko farin bango. Hanya biyu ake ajiye alfa. A Premultiplied, an riga an gauraya gefen zanen da launin baya, galibi baƙi. A Straight ba a gauraya ba. Kowanne daidai ne, rikicin yana zuwa ne idan ka fitar da ɗaya, manhajar da ta karɓa ta karanta shi a matsayin ɗayan. Ba sai ka sake renda ba. A After Effects danna dama kan fayil ɗin, Interpret Footage, ka sauya zaɓin ko ka danna Guess. Premiere yana da nasa a ƙarƙashin Modify. A Resolve kuma Clip Attributes, sannan Alpha Mode. Sauya ka duba, zaren zai ɓace. Ni Straight nake fitarwa idan zanen yana da ƙyalli ko inuwa, in kuma rubuta wa mai karɓa a saƙo abin da na zaɓa.

Masu editin a waya da CapCut ko KineMaster, gaskiya hanyar da ta fi muku sauƙi ita ce koren baya. Shimfiɗa kore tsantsa, mai lambar launi 00FF00, a ƙasan zanen, fitar da MP4, wanda ya karɓa ya cire da Chroma Key. Ba alfa ba ce, dabara ce, kuma inuwa da ƙyalli za su lalace, gefen haruffa ya ɗan yi kore. Idan tambarin kansa kore ne, kamar yawancin na masallatai da makarantun Islamiyya da duk abin da ke ɗauke da tutar Najeriya, yi amfani da shuɗi ko ruwan hoda mai kauri, in ba haka ba rabin tambarin zai tafi tare da bayan. Wuta da hayaƙi da tartsatsi kuwa bar su a kan baƙinsu, a ɗora da yanayin gauraya na Screen, baƙin ya ɓace da kansa.

Kada ka gwada fayil ɗinka a VLC ko manhajar kallo ta Windows ka ce ya lalace. Ba su da abin da za su nuna a baya, don haka baƙi za ka gani ko da alfar tana nan lafiya. Haka YouTube da Facebook da TikTok, duk suna sake matse abin da aka ɗora musu, fanko ba ya tsira a can. Gwajin gaskiya shi ne ka dawo da fayil ɗin cikin manhajar editin, ka sa shi a layi na biyu, ka shimfiɗa wani bidiyo a ƙasansa. Ni ina da wani guntun bidiyon hawan Sallah da na ajiye don wannan kawai, saboda yana da fararen rawuna da jajayen kayan dogarai da duhun inuwa duk a wuri ɗaya. Ina kallon gefen haruffan a kan farin, sannan a kan duhun. A daren nan sai wajen ƙarfe ɗaya na sake tura wa abokina fayil ɗin, WebM mai daƙiƙa takwas, na ce ya ɗora a OBS ya ɗauko mini hoton allonsa kafin in rufe shago.