Yadda Ake Tsara Rubutun Hausa da Haruffan Charis SIL

Haruffa masu serif su ne waɗanda ke da 'yan ƙafafu a ƙarshen kowace sanda, kamar Times New Roman da aka yi wa jaridar The Times ta Landan a 1932. Su aka saba gani a littattafai da jaridu. Amma mai buga Hausa yana da ƙarin sharaɗi: dole nau'in haruffan ya kasance da ɓ, ɗ, ƙ da manyansu Ɓ, Ɗ, Ƙ, sannan da ƴ idan rubutun na Nijar ne.

Charis SIL, wani nau'in haruffa masu serif, ya cika wannan sharaɗi, kuma kyauta ne. An gina shi a kan nau'in haruffan Charter, wanda Matthew Carter ya zana a 1987 domin na'urorin buga takarda marasa ƙarfin fitar da zane. Shi ya sa ƙafafunsa ke da kauri, siraran layukansa kuma ba sa yankewa a fotokwafi ko a takarda mai araha. Nau'i irin Bodoni, mai layuka sirara kamar gashi, a nan yake cin amanar mai shi.

Kafin komai, rubuta “Ƙanƙara, ɓarawo, ɗanɗano” ka ƙara girman rubutun sosai. In ƙ ta fi maƙwabtanta kauri ko tsayi, to kwamfuta ce ta aro ta daga wani nau'in saboda naka ba shi da ita. Maimaita gwajin da rubutu mai kauri da kuma na gicciye, domin sau da yawa a can gibin yake ɓuya. Ka sanya fayiloli huɗu na Charis: na rubutun yau da kullum, mai kauri, na gicciye, da mai kauri na gicciye. In ka sa ɗaya kawai, manhaja za ta karkatar da haruffan da kanta, su fito a gurguje.

A littafi mai girman A5, fara da girman lamba 11, gefen shafi kimanin milimita 19 hagu da dama. Layi zai ɗauki haruffa wajen 60, wanda ya dace. In ya haura 75, ido kan ɓace wurin komawa farkon layi na gaba. Tazarar layi kuwa sai ka saita ta da hannu a 14. Charis yana zuwa da tazara mai faɗi don barin wuri ga alamomin sauti irin na à da ā, abin da mai ƙamus ke buƙata amma mai labari ba ya so.

A allo, kada girman rubutun ya sauka ƙasa da fiksel 16.

In za ka kai aiki maɗaba'a, mayar da shi PDF tare da cusa haruffan a ciki. Fayil ɗin Word da aka buɗe a kwamfutar da ba ta da Charis zai sauya nau'i, shafuka su goce, haruffa masu ƙugiya kuma wani lokaci su koma akwatuna.