Yadda ake ƙara shaida ta biyu a shafukan intanet na jami'a

Imel ɗin damfara guda ɗaya ya isa a sace kalmar sirrin lakcara. Shi ya sa jami'o'i ke ƙara shaida ta biyu, wadda ake kira MFA, wato ƙarin hujja bayan kalmar sirri, kamar lambar da ke fitowa a wayar mai asusun. Kunna ta ba wuya. Aikin yana wajen toshe ƙofofin baya da shirya wa ranar da waya za ta ɓace.

Da farko a lissafa duk inda ake shiga da asusun jami'a: imel, Moodle (shafin darussa), shafin rajista da biyan kuɗi, shafin ɗora sakamako, laburare da VPN (hanyar shiga cibiyar kwamfutocin jami'a daga waje). A haɗe su a mashiga ɗaya, wato tsarin da ke tantance mai shiga duk shafukan, ko Microsoft Entra ID, ko Google Workspace, ko Shibboleth, sannan a sa MFA a nan.

Sai zaɓen shaida. Ga ɗalibai, wadda ta fi dacewa ita ce manhaja irin Google Authenticator, mai fitar da lambobi 6 da ke canjawa duk daƙiƙa 30. Ba ta neman data ko sabis, amma tana dogara da agogon waya. Idan lamba ta ƙi karɓuwa, a fara duba agogon, a mayar da shi mai saita kansa. Saƙon tes a ajiye shi na ko-ta-kwana kawai: yakan makara, kuma wanda ya ƙwace layin mutum ya ƙwace lambarsa. Ma'aikatan sashen kwamfuta da ofishin ma'aji a ba su makullin FIDO2, wata ƙaramar na'ura da ake sokawa a kwamfuta, kamar YubiKey, bibbiyu, ɗaya a ajiye. In ana amfani da sanarwar "amince" a waya, a tilasta rubuta lambar da ke kan allon kwamfuta, domin ɓarayi kan yi ta turo buƙata har mutum ya gaji ya danna.

A fara da sashen kwamfuta, sai ma'aji da jami'an jarrabawa, sai malamai, ɗalibai a ƙarshe, tsangaya bayan tsangaya. Kada a kuskura a kunna a makon rajista.

Tsofaffin manhajojin imel masu shiga ta IMAP ko POP (hanyoyin ɗauko imel) da kalmar sirri zalla ba sa tambayar shaida ta biyu. A rufe wannan hanyar gaba ɗaya. Ɗakin jarrabawar kwamfuta kuwa ba a shiga da waya, don haka a ɗauke wa adireshin IP na ɗakin (lambar da ke nuna kwamfutocinsa a intanet) neman shaida ta biyu, na lokacin jarrabawa kaɗai.

Tun ranar rajista kowa ya sauke lambobin ajiya, waɗanda ake shiga da su idan babu waya (Google kan ba da 10, kowace sau ɗaya take aiki), ya rubuta a takarda, ba hoto a wayar ba. Wanda wayarsa ta ɓace ya zo da kansa da katin shaidar jami'a, a goge tsohuwar na'urar, a ba shi lambar wucin gadi mai mutuwa cikin awa ɗaya. Ba a sake saitawa don wani ya kira ya ce shi farfesa ne kuma yana sauri.