Yadda Mai Rainon Yara Za Ta Ƙaro Ilimi Ba Tare Da Ta Bar Aikinta Ba

Yawancin matan da ke aiki a gidajen raino da azuzuwan share fagen shiga firamare, waɗanda yara ke kira Anti, sun shigo aikin ne da haƙuri da son yara, ba da takarda ba. Haƙurin yana da daraja, amma ba ya ƙara albashi, kuma ba ya sanar da ke abin da za ki yi idan yaro ya shaƙe da gyaɗa.

Saboda haka ki fara da horon taimakon gaggawa, wanda Ƙungiyar Agaji ta Red Cross ta Najeriya ke bayarwa cikin 'yan kwanaki. A nan ne za ki koyi cewa idan zazzaɓi ya sa yaro jijjiga, ba a danna masa cokali a baki kamar yadda aka saba a gidajenmu, sai dai a kwantar da shi ta gefe, a janye duk abin da zai ji masa rauni, a lura da tsawon lokacin da abin ya ɗauka, sannan a garzaya da shi asibiti. Haka nan za a nuna miki yadda ake kifa jaririn da ya shaƙe a kan damtse, kansa na ƙasa, a bubbuga tsakanin kafaɗunsa har sau biyar. A ganina, bai kamata a bar wa mace yara ita kaɗai ba matuƙar ba ta gwada wannan da hannunta ba.

Bayan nan sai batun takarda. Mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya ita ce NCE, wato takardar shaidar malanta da kwalejojin ilimi ke bayarwa, kuma kwalejojin ilimi da dama suna da sashen kula da ƙananan yara da ilmantar da su, wato ECCE, inda karatun ke ɗaukar shekara uku. Wadda ba za ta iya ajiye aiki ba tana iya neman Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, da aka kafa a Kaduna a 1976 domin karatu daga nesa, ko kuma Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, idan digiri take so. Kafin ki biya ko sisin kwabo ga wata kwaleji mai zaman kanta, ki tabbatar hukumar kula da kwalejojin ilimi ta ƙasa, NCCE, ta amince da ita, domin takardar da ba a san da ita ba asarar kuɗi ce da shekaru.

Da kin samu shaidar, ki yi rajista da hukumar yi wa malamai rajista ta ƙasa, TRCN, wadda ke shirya jarrabawar cancanta a kan kwamfuta kafin ta ba da lasisi.

Tun da dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wato UBE, ta sanya kula da ƙananan yara cikin ilimin bai-ɗaya, hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi, SUBEB, kan shirya tarukan bita, sai dai galibi malaman gwamnati ake kira, kuma sunaye ta ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma suke bi. Ki sanar da shugaban makarantarku a rubuce cewa kina son a tura ki. Idan a makarantar kuɗi kike, ki nemi mai makarantar ya ɗauki nauyin rabin kuɗin horon, ke kuma ki yi alkawarin koya wa abokan aikinki abin da kika samo ranar Asabar ɗin da ta biyo baya.