Darasi na Tara: In Faya Ta Fashe, a Duba Agogo

A fara da karatu. Kowace ɗaliba ta karanta layi biyu da ƙarfi, ta miƙa wa ta kusa da ita.

Wata yarinya ce a wani ƙauye kan hanyar Daura zuwa Sandamu. Cikin fari ne gare ta, ta zo gidansu goyon ciki. Ran wata Talata bayan sallar isha'i tana kwashe kwanuka, sai ta ji ruwa ya zubo mata, zani ya jiƙe sharkaf. Ba ciwon mara, ba ciwon baya. Kunya ta hana ta faɗa wa mahaifiyarta, sai ta je ta raɗa wa goggonta.

Goggo ta ce, "Zaƙi ne. Je ki kwanta abinki, haihuwa da saura."

Yayar yarinyar tana jin su. Ita tana zuwa ajin yaƙi da jahilci. Ta duba waya, ta ɗauko katin awo, ta rubuta a bayansa: Talata, 8:00 na dare. Sannan ta durƙusa ta ce, "Goggo, a yi mini aikin gafara. Malamar awo ta ce in ruwa ya zubo a tafi asibiti, ko da naƙuda ba ta taso ba."

Ba su sami abin hawa ba sai da asuba. Da suka isa, tambayar farko da nas ta yi ita ce, "Ƙarfe nawa fayar ta fashe?" Goggo ta ce tun jiya dai. Yaya ta miƙa kati. Nas ta duba, ta ƙirga da yatsu, ta rubuta a fayil. Naƙuda ta yi nawa. Da azahar ta yi ba a haihu ba, aka sa wa yarinyar allura ta jijiyar hannu. Bayan magariba ta sauka lafiya, aka sami 'ya mace. Ba a sallame su a daren ba, sai da aka ga jaririya tana kama nono, numfashinta daidai.

Wace allura ce wannan?

Akwai wata ƙwayar cuta da ma'aikatan lafiya ke rubuta sunanta da haruffa uku: GBS. Ana faɗarsu Ji, Bi, Es. Ku dube su da kyau, don wata rana kuna iya ganinsu a katinku. Ƙwayar tana zaune a hanji, da dubura, da gaban mace. A cikin mata masu ciki 5 ko 6, ɗaya tana ɗauke da ita. Wato ajinmu na mutum 30, da duk masu ciki ne, da an sami 5 ko 6. Mai ɗauke da ita ba ta jin komai. Ba ƙaiƙayi, ba wari, ba fitar ruwa. Takan zo ta tafi da kanta, wannan wata akwai, wani watan babu.

Bari in tsaya a nan kaɗan, don na san halinmu. Da an ce mace tana da wani abu a gabanta, sai a fara kallon-kallo, uwar miji ta kalli suruka, suruka ta kalli kishiya. GBS ba cutar da ake ɗauka wajen neman maza ko neman mata ba ce. Ba ƙazanta ke kawo ta ba. Matar da ta fi kowa tsabta a unguwa tana iya samunta. Kuma ba ita ce abin da muke kira ciwon sanyi ba, saboda haka kada a je kemis a sayo maganin sanyi da sunan kashe ta.

Uwa ba kasafai take cutuwa ba, ko da yake takan jawo ciwon fitsari ko zazzaɓin haihuwa. Jariri ne abin ji. Yana cikin faya a rufe kamar ƙwai a ɓawonsa. Da faya ta fashe ƙofa ta buɗe, ƙwayar tana iya hawa ta same shi, ko ya haɗu da ita a hanyar fitowa. Yawancin jarirai ba abin da ke samunsu. Kaɗan kuwa takan shiga jininsu, ko huhu, ko ta haddasa sanƙarau, kuma jikin jariri ba ya jure jira. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2021 cewa kowace shekara wannan ƙwaya tana kashe jarirai kusan 100,000, ban da wasu 46,000 da ake haifa ba rai. Kusan rabin wannan asara a ƙasashenmu na Afirka kudu da Sahara take.

Allurar da aka yi wa yarinyar nan maganin kashe ƙwayar cuta ce, irin su fenisilin ko amfisilin. Ta jijiya ake ba da ita, lokacin naƙuda, kuma ta fi aiki in an sami awa 4 kafin jariri ya fito. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta yi lissafi: mai ɗauke da GBS in ba a yi mata allurar ba, jariri 1 cikin 200 ne zai kamu. In an yi, sai 1 cikin 4,000. Wata za ta ce to me zai hana in sha maganin tun ina wata bakwai in huta? Ba ya yi. Ƙwayar tana dawowa kafin ranar haihuwa, kamar ciyawar da aka nome da damina. Rigakafinta kuma har yanzu ana kan bincike, bai fito ba.

Akwai gwaji. Ana goga auduga a bakin gaba da dubura, a kai ɗakin gwaji. Ana yin sa a mako na 36 ko 37, wato an shiga watan haihuwa. A Amurka kowace mai ciki ake yi wa. A Ingila ba kowa ba, sun fi bin alamomi. A nan wajenmu ma ba kowane asibiti ke yinsa ba. Mai zuwa awo a asibitin Daura, ko Asibitin Turai 'Yar'aduwa da Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina, ta tambaya ko ana yi, tambaya ba ta cin kuɗi. In babu, sai a bi alamomi don sanin wadda za a yi wa allurar, kuma yawancinsu bakin mai ciki da 'yan rakiyarta ne ke faɗarsu.

Faya ta fashe an kai awa 18 ba a haihu ba. Naƙuda ta taso ciki bai kai mako 37 ba, irin haihuwar bakwaini. Jikin mai naƙuda ya yi zafi, ma'auni ya nuna 38 ko fiye. An ga GBS a fitsarinta a wannan cikin. Ko ta taɓa haihuwar jaririn da ƙwayar ta kama. Wannan na ƙarshe yana da wuyar faɗi. Mace da ta rasa ɗa kafin suna ba ta son tono zancen, sai ta ce Allah ne ya karɓi abinsa. Haka ne, amma ki gaya wa nas: kwana nawa ya yi, yaya numfashinsa, ya kama nono ko bai kama ba. Da wannan za ta san yadda za ta tarbi na yanzu.

In faya ta fashe, a sa ƙyalle mai tsabta, a lura da kalar ruwan. In kore ne ko yana wari, a faɗa. Kada a cusa komai a gaba, kada ungozoma ta yi ta sa hannu tana duba ko kai ya sauko, kowane sa hannu tura ƙwayar sama yake yi. Maganar abin hawa kuwa, da gidan su yarinyar nan sun shirya da mai mota ko mai kurkura tun farkon watan haihuwa, da ba su kwana ba. Wannan aikin maigida ne, ku kai masa saƙon.

Bayan haihuwa

Cutar ta fi bayyana a kwana 6 na farko, galibi ma a kwanan farko. Wannan shi ne lokacin da gida ke cike da 'yan barka, ana hura wutar wankan jego, ana dama kunun kanwa, ana lissafin ragon suna. Jariri yana kwance a ƙuryar gado cikin zannuwa, kowa ya leƙa ya ce, "Kai, wannan yaro da haƙuri yake, ko kuka ba ya yi." A kula da irin wannan haƙuri. Jariri mai lafiya yana farkawa ya nemi nono, in an ɗaga hannunsa ya janye. Wanda aka sa wa nono ya ƙi kamawa, aka tashe shi ya ƙi tashi, hannunsa ya faɗi lakwas, ba haƙuri yake ba.

Mai jego ta buɗe masa ƙirji ta duba. Yana nishi duk fitar numfashi? Ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki? A sa waya a gaba a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cif, lokacin da ba ya kuka. In ya kai 60, a sake ƙirgawa. In ya sake kaiwa, a tashi. Haka in jikinsa ya yi zafi, ko ya yi sanyi ƙalau, ko yana jijjiga, ko maɗigarsa ta kumbura. Ba a jiran gari ya waye, ba a jiran suna, ba a ɗura masa dauri a ga abin da hali zai yi. Addu'a a yi ta a kan hanya. Al'adar cewa mai jego ba ta fita kafin arba'in ba ta shafi wannan fitar ba.

Akwai kuma irin cutar mai zuwa a makare, daga kwana 7 har wata 3, wadda takan zo da sanƙarau. Allurar naƙuda ba ta hana wannan, saboda haka ko an yi wa uwa allura a ci gaba da sa ido. Nono kuwa a ba shi, har da dakashi. Mai GBS tana shayarwa kamar kowa.

Aiki

1. Rubuta haruffan nan sau biyar: GBS.
2. Faya ta fashe ƙarfe 8:00 na dare. Ƙarfe nawa awa 18 za ta cika? Wace salla ake yi a lokacin?
3. Wata ta fashe ƙarfe 6:00 na safe ranar Juma'a. Yi lissafin nata.
4. Cike gurbi: Numfashin jariri in ya kai ____ a minti ɗaya, sai asibiti.
5. Me Goggo ta kira ruwan da ya zubo? Me ake kiransa a unguwarku? Ku tattauna.

Aikin gida: mai katin awo, ko nata ko na 'yarta ko na surukarta, ta ja layi biyu a bayansa. Na sama ta rubuta "Rana da lokacin fashewar faya", ta bar wurin a buɗe. Na ƙasa ta rubuta lambar wayar mai abin hawa. A zo da katin ranar darasi na gaba, Malama za ta duba.