Yadda na gyara fuskar bunsuruna

A ajin zanen katun, Malam ya ba mu aiki: dabba mai halin mutum, cikin fushi, murna da tsoro. Na zaɓi bunsuru, na ba shi halin dillalan kasuwar Kejetia ta Kumasi, baki kamar reza. Sai fuskokin uku suka fito iri ɗaya, kamar hoton fasfo. Malam ya duba ya ce, "Yaro, bunsurun nan barci yake?"

Washegari na zauna ƙofar gidanmu a unguwar Aboabo ina kallon awakin maƙwabta. Ashe ba a ido abin yake ba, a kunne da wuya yake. In akuya ta razana, kunnuwa su miƙe, wuya ya yi tsawo. In za ta yi tunkuyi, sai ta dunƙule, kai ƙasa. Na ƙara gishiri: na ninka tsawon wuyan a tsoro, na matse jikin a fushi. Na kuma ara masa gira mai kauri irin ta mutum.

Daga nan na cike kowane zane da baƙin tawada, saura inuwa kawai, don in ga ko za a gane yanayin daga siffar jikin kaɗai. Ƙanwata ta gane fushi da tsoro nan take. Murnar ce ta ba ni wuya, sai da na ɗaga gemun sama, na ɗage wutsiyar.