Jinyar mai larurar ƙwaƙwalwa a gida: kurakuran da ke mayar da mutum asibiti

Mu da ke bin marasa lafiyar ƙwaƙwalwa har gidajensu a nan Jos mun gaji da ganin abu guda. A sallami mutum daga asibiti ya samu sauƙi, yana gaisawa da kowa, yana cin abinci. Bayan wata uku ko huɗu sai ga shi an dawo da shi a Keke, ƙarti biyu sun danne shi, iyali na cewa ciwon ya tashi. Idan aka bi diddigi, sau da yawa a gida aka yi sake, kuma saken iri ɗaya ne daga Gangare har Bukuru.

A fara da maganar kuɗi, tunda ita ce tambayar farko da iyalai ke yi mana. Wasu sun ji cewa a Amurka shirin Medicaid, inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, kan biya wanda zai riƙa zuwa gida yana taya majinyaci wanka, girki da tuna masa magani, a Ingila kuma mai jinya kan karɓi alawus daga gwamnati. Sai su zauna jiran irinsa. A nan tallafin hukuma ta ƙofar inshorar lafiya yake shigowa, ita kuwa jinyar yau da gobe tana wuyan iyali. Gaskiya ne an yi dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2021, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tanadi asusu na musamman. Amma doka ba ta ƙwanƙwasa ƙofar kowa da kwalin magani. Abin da ke hannu shi ne rajista: da hukumar inshorar lafiya ta jiha, PLASCHEMA, ga mazauna Filato, da ta ƙasa, NHIA, ga ma'aikatan tarayya, ko kuma asusun kula da lafiya a matakin farko, BHCPF, na masu ƙaramin ƙarfi da ake shiga ta asibitin sha-ka-tafi na unguwa. Kuskuren shi ne ba a tunawa da rajista sai ranar da rikici ya ɓarke, alhali yawanci akwai lokacin jira kafin kati ya fara aiki. Ku yi ta tun mutum na cikin natsuwa, ku tafi da lambar NIN ɗinsa. Ku kuma sani cewa ganin likitan ƙwaƙwalwa a babban asibiti irin na koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo kan buƙaci takardar turawa daga asibitin da aka yi rajistar. Wanda ya tsallake wannan mataki daga aljihunsa zai biya. Ku tambaya tun farko waɗanne magunguna katin ya ɗauka, don likita ya duba ko akwai madadin da ke cikin jerin. Idan abin ya fi ƙarfinku, manyan asibitoci suna da ofishin walwala, mutane da yawa ba su ma san da shi ba.

Yanzu ga babban kuskuren, wanda ya fi kowanne cin rai: daina magani saboda an ga sauƙi. "Ai ya warke, Alhamdulillahi, kada ƙwayar nan ta kama jikinsa." Wa ya ce muku ya warke? Sauƙin da kuke gani aikin maganin ne. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce wanda ya samu ruɗewar hankali ya ci gaba da shan magani aƙalla wata 7 zuwa 12 bayan alamun sun gushe gaba ɗaya, wanda kuwa ciwon ya sha dawo masa zai iya shekaru a kai. Abin da ke yaudarar mutane shi ne ba a ranar da aka daina ake ganin sakamako ba. Mako biyu lafiya lau, wata guda lafiya lau, har a fara cewa da ma likitoci kuɗi suke nema. Sannan barci ya fara raguwa, a ji shi ƙarfe ukun dare yana zagaya tsakar gida, ya daina wanka, ya fara zargin matar wansa da zuba masa wani abu a miya. Kafin a farga an koma gidan jiya, kuma kuɗin kwanciya ɗaya ya ninka na maganin watannin da aka yi tsimi. Ga shi kowace komawa tana ƙara wahalar farfaɗowa. Rage magani ko daina shi hukuncin likita ne, kuma a hankali ake yi, ba dare ɗaya ba.

Ni abin da nake sa kowane gida su yi shi ne mutum ɗaya tak ya riƙe magani. Idan aka ce aikin kowa ne, Inna za ta ɗauka Yaya ya bayar, Yaya ya ɗauka Inna ta bayar. A ba shi da kofin ruwa cikakke, a zauna a ɗan yi hira na minti biyar, don akwai masu ɓoye ƙwaya a ƙarƙashin harshe su tofar a bayan ƙofa. Duk Juma'a a ƙirga abin da ya rage: idan an rubuta ɗaya da dare, an karɓo 30, bayan kwana 7 dole a tarar da 23. Ya rage saura na mako guda, a nemo wani, ba sai an girgiza kwalba an ji wayam ba. Wanda shan ƙwaya kullum ya gagara, a yi wa likita maganar allura mai daɗewa a jiki, irin fluphenazine da ake yi duk mako biyu zuwa huɗu. A rubuta ranar a kalandar bango. Kuma don Allah a daina marmasa magani a kunu a ɓoye. Mutumin da dama yake zargin ana sa masa guba, ranar da ya ji ɗaci a kununsa kun tabbatar masa da zarginsa, zai ƙi abincin gidan baki ɗaya.

Dab da wannan akwai rashin sanin illolin magani. Za ka shiga gida ka tarar da saurayi wuyansa ya karkace, idanu sun kafe sama, harshe ya yi nauyi, yawu na zuba, an kewaye shi ana hayaƙi ana cewa mutanen ɓoye ne suka hau shi. Sau da yawa wannan illar maganin haloperidol ce ko wani ɗan'uwansa, tana zuwa a kwanakin farko ko bayan an ƙara adadi, kuma a asibiti ana warware ta da wuri. Rawar hannu, sandarewar jiki, tafiya da ƙananan taku, kasa zama wuri ɗaya, duk a kai wa likita. Kada a je kyamis a sayo Artane, maganin rage wannan illa, a riƙa ɗura masa ba ƙa'ida, don shi kansa ƙwaya ce da matasa ke shaye-shaye da ita. Wanda ba ya jira sai gobe shi ne zazzaɓi mai zafi haɗe da sandarewar jiki da ruɗewa: a ranar, a sa'ar, a kai shi sashen gaggawa. Ba mu hana kowa addu'a ko ruƙiyya ba, malam ko fasto ya yi nasa. Amma duk wanda ya ce sai an ajiye maganin asibiti kafin nasa ya ci, ku bar wurinsa.

Wani kuskuren da ke ƙona mana rai shi ne kulle mutum. Ɗakin baya, kwaɗo a waje, a miƙa kwano ta taga, wani lokaci har da mari a ƙafa. Ana yi ne don kada maƙwabta su gani, kada a rasa mijin ƙanwarsa. To ai unguwa ta riga ta sani. Mari yana cin idon sawu har ya zama gyambo, zaman kaɗaici yana ƙara wa mai jin muryoyi muryoyin, sanyin Disamba da Janairu na Jos kuwa a kan siminti zai iya haɗa masa da ciwon huhu. Sabuwar dokar ma ta hana ɗaure mutum da sarƙa. Idan ya kai matakin da ake tsoron zai ji wa wani ko kansa rauni, wurinsa asibiti ne. A janye yara, a kawar da wuƙa da taɓarya, mutum ɗaya da yake jin maganarsa ya yi masa magana a sanyaye, a bar masa hanyar fita, kada a taru a kansa kamar an kama ɓarawo.

Akwai kuma kullewa ta tausayi, wadda ta fi wuyar ganewa. Uwa ta yi masa wanki, ta share masa ɗaki, ta hana shi ko sayo gishiri a shago, "bar shi, ba shi da lafiya". Bayan shekara biyu ga ƙato ɗan shekara 30 da ba ya iya sa wa kansa maɓalli. Aikin mai jinya shi ne ya taya a inda aka gaza kawai. Idan wanka ne ya gagara, ku ɗora ruwan zafi, ku ajiye sabulu, soso da kayan sawa a jere, ku faɗi abu ɗaya a lokaci ɗaya, sauran ya yi da kansa. A sa masa lokacin tashi da na kwanciya, a ba shi aiki ɗaya da yake nasa, ko ban ruwan kaji ne ko tsintar shinkafa. A ci abinci tare da shi, a tafi masallaci ko coci tare.

Gardama da abin da yake gani ko ji ɓata baki ne. Kada ku ce ƙarya yake, kada kuma ku ce kun gani. Ku ce, "Yaya, ni ban ji muryar ba, amma na ga ta tayar maka da hankali." Gori da faɗa kuwa, "ragon banza, sai barci", an daɗe da sanin suna saurin tayar da ciwon. Yawan barcin nan da mutuwar jiki daga ciwon ne ko daga magani.

Maganin damuwa mai tsanani kan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga amfaninsa, kada a watsar a kwana biyar. Mai shan olanzapine a riƙa auna nauyinsa duk wata, a kuma gwada sukari, a rage lemon kwalba. Mai shan lithium ya sha ruwa sosai, kada a ba shi diclofenac ko ibuprofen sai likita ya sani. Mace mai shan sodium valproate da ke son ɗaukar ciki ta ga likita tukun, don yana iya illata jariri. Azumi ya gabato, a tambayi yadda za a sauya lokutan sha tun cikin Sha'aban. Wiwi, tiramol da kodin suna rushe duk wannan wahala. Aure kuma ba magani ba ne, ɓoye wa dangin amarya larurar zalunci ne. Mai jegon da ta kwana biyu ba barci tana sambatu, a kai ta asibiti ranar, kada a bar ta ita kaɗai da jariri.

Idan mutum ya fara cewa gara ya mutu, ko yana raba kayansa, ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin. A kulle Sniper, shinkafar ɓera da igiya, magani kuma, musamman amitriptyline, kada a bar masa na wata guda a ɗakinsa.

Masu ɗauko ɗan aiki su biya shi, nan ma ana kwafsawa. A kawo yaro daga ƙauye, ba a gaya masa komai ba, a bar shi da mara lafiya dare da rana. Ko dai ya gudu, ko ya fara duka. A zauna da shi a faɗa masa sunan kowane magani da lokacinsa, abin da ke fusata majinyacin, da lambar wanda zai kira. Wanka da sauya kaya, mace ga mace, namiji ga namiji. A ba shi hutun yini ɗaya a mako, haka ma uwa ko matar da ke jinyar, 'yan'uwa su yi karɓa-karɓa, wanda ke nesa ya ɗauki kuɗin magani. Katin banki da wayar majinyaci kuma nasa ne, idan za a riƙe masa a yi da saninsa.

A sayi littafi mai shafi 40 a ajiye kusa da magani. Kullum layi ɗaya: ya sha ko bai sha ba, awa nawa ya yi barci, ya ci abinci sau nawa, sai duk wani abu baƙo da aka lura. Ranar ganin likita wanda ke riƙe da littafin shi zai raka shi, ba wani ƙanen da ya zo daga Abuja jiya ba, a haɗa da kwalayen magani duka har da na gargajiya da ake ba shi. Idan littafin ya nuna dare biyu ko uku a jere babu barci, kada a jira ranar da aka rubuta a kati, a tafi washegari.