Kurakuran da aka fi yi wajen tsaga katako siriri a inji, da yadda ake gyara su

A hunturun bara wani dattijo ya zo shagona daga Daura da buhu a kafaɗa. Ya zazzage shi a gabana, sai ga siraran katako kusan hamsin, waɗanda aka tsaga masa don bayan kabad da ƙasan durowa. Duk sun lanƙwashe kamar busasshen ganyen masara, wasu sun tsage daga baki, wasu kuma gefensu ya yi baƙi kamar an ɗora su a garwashi. Ya ce, "Malam, don Allah duba mini, laifin injin ne ko na mai injin?" Na ɗauki guda na kara a kumatuna, na ji sanyi. Na ce, "Baba, wannan katakon tun kafin ya ga zarto aka cuce ka, bai bushe ba."

Katako mai kauri yana ɓoye laifi. Rafta ko ƙafar gado za ta ɗan karkace, kafinta ya danne ta da ƙusa, magana ta wuce. Falle mai kaurin milimita 8 ko 10 kuwa ba shi da inda zai ɓoye komai. Duk sakacin da aka yi, daga wurin sayen icce har zuwa saita inji, a jikinsa yake fitowa.

Ɗanyen katako shi ne kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane a nan Katsina. Mafi yawan katakon da muke aiki da shi daga Kudu ake lodo shi, inda iska ke cike da laima, kuma sau da yawa bai daɗe da barin daji ba. Ya sauka a garin da iskar hunturu ke busar da wanki kafin a gama shanya. Icce ba ya fara ƙanƙancewa sai ruwan jikinsa ya sauka ƙasa da kashi 30 cikin ɗari ko kusa da haka, a busasshen yanayi irin namu kuma yana ci gaba da sauka har ƙasa da kashi 10. Bayan gungumen yana bushewa cikin 'yan kwanaki, cikinsa na nan jiƙe. Mai saye ya taɓa waje ya ji ƙarau, ya kai inji. Da zarto ya buɗe shi, kowane falle sai ya fito da fuska ɗaya busasshiya, ɗaya jiƙaƙƙiya, kafin gari ya waye ya naɗe.

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi, haƙuri yake so, ba a fafe gora ranar tafiya. A jera katako a inuwa, a ɗaga shi daga ƙasa, a sa 'yan sanduna masu kauri ɗaya tsakanin kowane layi, tazararsu kamar ƙafa ɗaya da rabi zuwa biyu, na sama daidai kan na ƙasa. A ɗora bulo a kai. A shafa tsohon fenti a bakunan biyu, don ta nan ruwa ya fi saurin fita, ta nan kuma tsagewa ke farawa. Wanda ba shi da na'urar auna laima, ya yanki guntu ya riƙa ɗora shi a sikeli duk mako yana rubuta nauyin a jikinsa. Ranar da nauyin ya daina raguwa, katakon ya kai. Bayan an tsaga ma kada a watsa fallayen a rana. A sake jera su da sanduna, a danne, su kwana biyu ko uku tukuna.

Akwai kuma yadda ake kwantar da gungumen, abin da yara da yawa ba a taɓa nuna musu ba. Dubi bakin icce, za ka ga zobba kamar na albasa. Icce yana ƙanƙancewa ta bin zobban nan kusan ninki biyu na yadda yake yi daga tsakiya zuwa waje. Shi ya sa fallen da layukan bakinsa suke kwance yake zama kamar kwalekwale, wanda layukansa suke tsaye kuma yake zama a miƙe. In aikin mai daraja ne, a raba gungumen huɗu, a tsaga ta yadda layukan za su fito a tsaye. Ɓargon tsakiyar icce kuwa a fitar da shi gaba ɗaya, duk fallen da ya ɗauke shi sai ya tsage.

Masu fallayen rufi na ƙasashen Turawa a kan wannan suka gina sana'arsu. A yammacin Kanada da jihar Washintan ta Amurka ana yanka iccen sida gunduwa-gunduwa, a tsaga shi fallaye masu tsawon inci 16, 18 ko 24, baki ɗaya da kauri, ɗayan siriri. Injin yana karkata gunduwar bayan kowane yanka, kaurin ya faɗo sama a wannan karon, ƙasa a na gaba, don kada icce ya tafi a banza, kuma masu layuka a tsaye su ne lamba ɗaya. Mu rufinmu na gado azara ce ta giginya da ƙasa, daga baya kwano ya shigo. Amma yanzu ana samun masu son irin wancan rufi a rumfar shan iska ko wurin cin abinci, sun gani a waya. In aka kawo maka, kada ka matse fallayen da juna. Bar tsakani kamar kwatan inci don su kumbura da damina, ƙusa biyu kacal a kowanne, jerin ya hau kan juna har ninki uku. Kuma ka gaya wa mai aikin gaskiya game da gara da gobara. Ni dai ba na ba kowa shawarar ya rufe ɗakin kwana da shi.

Sai faifan zarto. A shaguna da yawa faifai ɗaya ne ke yin komai, tun daga ranar da aka ɗaura shi har ya mutu. Faifai mai haƙora 60 ko 80 na yankan gicciye ne. Tsaga ta tsawon icce tana son haƙora kaɗan, kamar 24 a faifan inci 10, masu rami mai zurfi a tsakani da zai kwashe dusa. In ka tsaga maɗaci ko ƙawo da mai ƙananan haƙora, dusa ta rasa hanyar fita, faifai ya yi zafi, ya fara rawa, gefen katako ya ƙone. Baƙin da ke jikin fallayen dattijon nan daga nan yake. Mai inji kuma maimakon ya tsaya, sai ya ƙara turawa da ƙirji.

Ba duk faifan da ya daina ci ne ya dakushe ba. Wani danƙon icce ne ya liƙe masa. A kwance shi, a jiƙa da kananzir, a goge da tsohon buroshi, sau da yawa sai ka ga ya dawo. In ya dakushe da gaske a kai wa mai wasa. In haƙori ya fita ko ka ga tsaga a gindin haƙori komai ƙanƙantarta, wannan faifan ya gama aiki. Na ga masu kai shi wurin mai walda, kuma duk lokacin da na gani sai gabana ya faɗi, don haƙoran faifan inci 12 da ke juyi 2,900 a minti suna gudun da ya haura kilomita 160 a awa. Guntun da ya ɓalle a wannan gudun harsashi ne. Iccen loko yana da wasu duwatsu na farar ƙasa a cikinsa masu kashe kaifi, ƙirya kuma taurinta kaɗai ya isa. Dogon yaron da aka sare a cikin unguwa shi ya fi ban tsoro: shekara da shekaru ana buga masa ƙusa don rataye allon talla ko igiyar shanya, icce ya haɗiye ta. A ɓare ɓawon a duba sosai, inda aka ga tabo mai baƙi-baƙi a yi zargin ƙarfe.

Kaurin faifai ma lissafi ne da ba a cika yi ba. Faifai mai haƙoran kabaid, wato ƙarfe mai tauri da ake liƙa wa bakin haƙora, yana cin kusan milimita 3 a kowane yanka. Gunduwa mai kaurin milimita 150, in kana fitar da fallaye na milimita 10, guda 11 za ka samu. Zarton bel, wanda ke zagayawa a kan ƙafafu biyu, yana cin kamar rabin haka, sai ka samu 13 daga gunduwar. Wanda aikinsa kullum siriri ne, ya tara ya sayi wannan. Shi ma yana da halinsa: in ba a ja shi ya yi tsauri ba ko ya dakushe, sai ya riƙa yawo cikin icce, falle ya fito nan kauri can siriri.

Injunanmu da yawa haɗin gida ne, mai walda ya ƙera teburi, a sayo moton lantarki na hannu a ɗora. Ba laifi, da su muke ci. Kuskuren yana zuwa ranar da moto ya ƙone aka sauya wani ba a karanta farantin jikinsa ba. A wutarmu akwai moto mai juyi kusan 1,450 a minti, akwai mai kusan 2,900. In tsohon mai 1,450 ne da fuli na inci 6, na sandar faifai kuma inci 3, faifai na juyi 2,900. Ka ɗora mai 2,900 a kan fulin nan, faifai ya koma 5,800. A jikin faifai an rubuta iyakar juyin da zai ɗauka, a duba kafin a kunna. Boris in ya fara kuka ko sandar ta fara wasa a canza shi, don rawar da ido ba ya gani a sanda tana fitowa ƙuru-ƙuru a jikin falle. Moto mai layi uku kuma in layi ɗaya ya ɗauke zai yi ta gurnani yana zafi. A kashe nan take, in ba haka ba sai wurin mai naɗin koyil.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan. A bayan faifai akwai wani ƙarfe mai kama da wuƙa da ya kamata ya tsaya, aikinsa ya hana tsagar rufewa ta cafke faifai. Ka zaga shagunan garin nan ka ƙirga injin da ke da shi. Wasu an cire don wai yana rage sauri, na haɗin gida kuma ba a taɓa sa musu ba. In icce ya matse bayan faifai, haƙoran da ke tasowa sama su ɗauke shi su wurgo wa mai turawa, in hannu na kai su ja shi ciki. Ina yaron shago na ga haka ta faru da wani abokin koyona. Siririn katako ya maƙale tsakanin faifai da ƙarfen jagora, wanda katako ke jingina da shi in ana tsaga, ya sa yatsa zai ture shi. Ƙarar da na ji ba ta fi ta karyewar tsinke ba. Ya ɗago hannu yana kallo bai ma fara jin zafi ba, yatsu biyu babu, dusar da ke kan teburi ta yi ja. Yau yana da iyali, yana sana'arsa, amma har gobe da hagu yake riƙe guduma.

Wuƙar bayan nan kowane maƙeri zai iya yanka ta. Kaurinta ya ɗan fi jikin faifai, ya ɗan gaza faɗin yankan, ta tsaya daidai bayansa, tazara kada ta wuce milimita 8. Ƙarfen jagora ya tafi daidai da faifai. A auna gaba a auna baya, in za a yi kuskure gara bayan ya buɗe da ƙiris da ya matse. Siririn falle ya riƙa faɗowa ta wajen faifai, babban gungumen ne zai jingina da jagora. Faifai kada ya fito sama da katako fiye da tsawon haƙori. A sassaƙa sandar turawa mai tsawon ƙafa ɗaya da rabi da ɗan maƙogwaro a baki, ƙafar ƙarshe ta kowane yanka da ita za a ƙarasa. Mai turawa ya tsaya a gefe, kada cikinsa ya saitu da faifai, yaron da ke karɓa ta baya kuma ya jira katako ya wuce, kada ya ja. Gunduwar da ta gajarce har hannu ya kusa haƙora a bar ta, ta tafi murhu.

Riga mai faɗin hannu, rawani mai jela, carbi a wuya, safar hannu, duk a ajiye su kafin a kunna. Safar hannu ta fi yaudara, mutum yana ganin kariya ce, alhali zare ɗaya haƙori zai kama ya tafi da hannun duka.

In wuta ta ɗauke ana cikin yanka, abu na farko a kashe makunni. Sau nawa ake barin sa a kunne, yaro ya zo yana share dusa a bakin faifai, wuta ta dawo ba sallama. Akwai makunni mai maganaɗisu wanda ke sakin kansa da zarar wuta ta tafi, ba ya tashi sai an sake dannawa. Mai gyaran wuta ya san shi. Duk wanda zai canza faifai ko ya zaro abin da ya maƙale, ya cire wayar daga bango da hannunsa, kada ya aiki wani.

Ƙura kuma muna raina ta don ba ta zubar da jini. Tun 1995 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke jawo cutar daji a hanci, ta loko kuma tana tayar da asma da ƙaiƙayin fata. Ƙyallen da ake ɗaurawa a baki bai isa ba, a nemi takunkumin ƙura na gaske, da tabarau, da abin toshe kunne. A share dusa kowace yamma, musamman ƙarƙashin moto da kusa da janareta, don da bazara tartsatsi ɗaya ya ishe ta. Masu kiwon kaji da mata masu murhun dusa suna zuwa saye da buhu. In katakon an yi masa maganin gara, a ware dusarsa gefe, kada a sayar musu da ita.